Ranar Da Na Yi Wa Kwamfuta Asuwaki

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin ƙanwata Zeinabu ba. Ranar ce na tara rabin unguwarmu a Arlit, na zaunar da mahaifiyata a kujerar gaba, sannan na kunyata kaina da hannuna ba tare da taimakon kowa ba. Har yau in na ji ƙanshin na'ana'a sai gabana ya faɗi. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ina da ɗan shago kusa da tasha, inda nake buga wa mutane takardu, in gyara kwamfuta, in haɗa bidiyon biki da suna. Ban taɓa zama ajin injiniyoyi ko na yini ɗaya ba, amma ranar da wani ya fara kirana Injiniya ban hana shi ba, har sunan ya bi ni. Lokacin da aka rufe ɗaya daga cikin ramukan uraniyom na garin nan, aka fito da tsofaffin kayan ofis ana gwanjonsu, sai na yi tsintuwar wata baƙar kwamfuta mai nauyin rabin buhun gero. An ce da ita ake zana taswirar ramuka a da. Da na buɗe cikinta na ga abin da ban taɓa gani ba. Faifan da komai ke zaune a kansa, wanda mu masu gyara ke kira kart-mer, gurbi biyu gare shi, kuma kowane gurbi da furosesansa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin. Ɗaya yana gaba kusa da inda iska ke shiga, ɗayan yana bayansa. Daga ranar nan duk wanda ya shigo shagona, ko fotokofi ya zo yi, sai ya ji labarin kwamfuta mai kai biyu. (Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa baiwar Allah nan duk rayuwarta a ɗaki mai kilima, na'urar sanyaya ɗaki, ta yi ba, ni kuma na kawo ta ƙarƙashin rufin kwano.)

A intanet na ci karo da wata dabara da masu abin ke kira obakulok. Ma'anarta dai ka sa furosesa ya yi gudun da ya wuce wanda maƙeransa suka rubuta masa. Irin tawa kwamfutar an kulle ta, ba a ƙara mata gudu ta cikin saituna, amma akwai hanyar bayan gida. A ƙarƙashin furosesa akwai ɗigo-ɗigon zinariya ɗaruruwa. In ka rufe wani guda ɗaya da ɗan guntun sikoc, wato salatif, wanda bai kai ƙwayar riɗi ba, sai faifan ya ruɗe, ya ba shi ƙarin gudu kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Sharaɗin shi ne a yi wa duka biyun iri ɗaya, kuma a sani cewa ƙarin gudu yana zuwa da ƙarin zafi. Wannan sashe na ƙarshe na karanta shi yadda mashayin taba ke karanta gargaɗin da ke jikin kwalin sigari. Watanni na yi hannuna yana ƙaiƙayi, ina jiran dalili.

Dalilin ya zo ta inda ban zata ba. Mahaifinmu, Mamman, direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, a hanyar Tawa. Ya rasu ina kwaleji, kuma abin da ya bar mana na kamanninsa hoto ɗaya ne tak, na katin ɗan ƙasa, inda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Bayan rasuwarsa Inna ta koma Damagaram, ni na zauna a Arlit, daga baya Zeinabu ta dawo wajena. Yanar ido ta riga ta rufe wa Inna idon dama, na hagun ma ya fara bin sahu. Duk da haka ta hau mota ta sha kwana biyu a wannan hanya mai karya ƙugu don bikin autarta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" nake, in kuma ana zancena da wasu, "wannan yaron", ko da yake furfura ta fara leƙo mini.

Ranar Litinin ta makon bikin sai ga Baba Ghissa a ƙofar shagona. Ba'abzine ne, dogo, abokin tafiyar mahaifina shekara da shekaru, kowa da kamiyonsa suna bin juna. Tun da ya ajiye tuƙi ya koma wajen Dannet yana kiwo. Bayan mun gaisa gaisuwar da ba ta ƙarewa, ya zaro wani abu daga jakar fata, naɗe cikin tsohon rawani. Kaset ɗin bidiyo ne, irin na da. Wani Bature ne da ya taɓa bin su tafiya ya ɗauke su, ya bar masa kafin ya koma ƙasarsu. Sau ɗaya ya taɓa kallonsa.

"Ɗan Mamman," ya ce, "babanka yana cikin wannan. Yana tafiya, yana dariya. Na ji mamanku ya zo, kuma idonsa ya gaji. Ka nuna masa tun yana gani."

(A Hausar Baba Ghissa mace da namiji duk "shi" ne, kuma ba wanda ya isa ya gyara masa.)

Na je na gaya wa Inna. Ta gyara mayafinta, sannan ta tambaya a hankali: "Yana motsi?" Na ce yana motsi, Inna. Ta ce, "To." Wanda ya san Inna ya san wannan "to" ɗin ya fi kukan wata. Motarta ta komawa Lahadi da hantsi za ta tashi, kuma dukanmu mun san idon nan ba lalle ya jira wata zuwan ba.

Talata na aro tsohon manyeto, na'urar kunna kaset ɗin bidiyo, wajen wani mai gidan kallo, na juye kaset ɗin cikin kwamfuta. Minti huɗu ne kacal. Hoton ya dushe, layuka suna ta gilmawa, iska tana buga makirfo. Na ga babana, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma hawayen bai gama bushewa ba Injiniya ya farka a cikina, ya fara ƙirga layukan da ke ɓata hoto maimakon ya kalli abin da mutumin ke yi. Ina cikin haka na danna a mayar da kaset farko, sai na ji wani ƙuruƙuru. Manyeton ya tauna zaren, ya cukurkuɗa shi, ya tsinka shi wuri uku. Na naɗe gawar cikin rawanin da ta zo, na tura ƙasan tebur, ban gaya wa kowa ba. Daga wannan lokaci babana mai motsi wuri ɗaya ya rage a duniya, cikin diskin baƙar kwamfutata.

Mai hankali me zai yi? Ya kwafa a kile biyu, wato filas, ya ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ya je ɗakin Inna ya nuna mata a daren. Ni da ke yi wa kowane mai shigowa shagona wa'azin ajiye kwafi, sai na ce gobe, don kilen nawa cike yake da bikin wasu. Game da nunawa kuwa, na ce haba, a ce Injiniya guda ya nuna wa mahaifiyarsa wannan dusasshen abu? Zan wanke shi, in goge layukan, in ƙara masa launi, in sa masa kiɗa mai taushi. A farkonsa kuma in sa sunana da na shagona da haruffan zinariya masu juyawa, tunda za a taru, kuma talla ba ta da rana. Har na bi gida-gida ina sanarwa cewa ranar Asabar bayan la'asar za a ga abin mamaki.

Kwana biyu na yi ina kwalliya. Ranar Juma'a na ba kwamfuta umarnin ta haɗa komai ya zama fim guda, ta ce sai awa goma sha huɗu. A awa ta tara aka ɗauke wuta, aiki ya koma farko. Hanya ɗaya ta rage, in ɗauki kwamfutar kanta zuwa wajen biki, ta riƙa yin kwalliyar kai tsaye ana kallo. Na gwada, sai hoton ya riƙa tsayawa yana ɗingishi, don aikin ya ɗan fi ƙarfinta. Ɗan kaɗan ya rage ta iya. Kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Wallahi har murmushi na yi.

Asabar da sassafe na cire ƙarafunan da ke zuƙe wa furosesa zafi, na ɗauko hantsaki da reza. A nan matsala ta farko ta ɓullo. Tsakanin furosesa da ƙarfensa akwai wani mai toka-toka da ake shafawa don zafi ya samu hanyar fita, kuma in ka ɗaga ƙarfen dole ka sa sabo. Wanda ke cikin ɗan bututuna na mutum ɗaya ne, sabon da na yi saƙo daga Agadez kuwa sai Talata. Na shafa wa na gaba, tunda shi ne babba a idona. Na baya fa? Na tuna na taɓa karanta cewa man goge baki yana iya tsayawa a madadinsa. (Jimlar tana da ci gaba, wai "na ɗan lokaci kaɗan, kafin ya bushe", amma ni ba na son dogon karatu.) Na matsa masa da yawa, har da gyara.

Ina cikin liƙa sikoc ɗin Baba Ghissa ya shigo, ya tsuguna yana kallona. Na yi masa bayani da irin muryar da ake yi wa tsofaffi bayani.

"Wanda ya ƙera shi," ya tambaya, "ya rubuta iyakar gudunsa?"

"Ya rubuta, Baba. Amma Turawa tsoro gare su, kullum sai sun rage."

"A garinsu mai sanyi suka rage. Kai a Arlit za ka ƙara, cikin bazara?"

Na nuna masa lambar zafi a kan allo, na ce ga allurata nan, irin ta zafin mota, lafiya lau take. Ya matso ya duba, ya ce, "Inji biyu, allura ɗaya?" Na yi dariya na ce ai tagwaye ne, abin da ɗaya ke ji shi ɗayan ke ji. Gaskiyar magana, lambar na bayan tana can ƙasa, sai an ja shafin kafin a gan ta, ni kuma ban taɓa ja ba. Na kunna fim, minti goma yana gudu sumul cikin sanyin safiya, ƙofa a buɗe. Na ji kamar in yi wa kaina kirari.

Bayan la'asar aka cika rumfar da aka kafa a ƙofar gidana, maza gefe, mata gefe. Rana ta sauka kaɗan amma ƙasa tana mayar da abin da ta sha tun safe. Ƙarti biyu suka sauke kwamfutar daga amalanke, na sa aka jingina ta da bangon da ya yini yana gasuwa, bayanta, inda iska mai zafi ke fita, yana manne da shi. Na cire murfin gefe don jama'a su ga kai biyun da idonsu. Aka kawo babbar tele ta aro, aka ajiye wa Inna kujera dab da ita, bai fi kamu biyu ba, don idon hagu ya samu abin kamawa. Gwaggo Hajara, ƙanwar babanmu, wadda bakinta ba ya da birki, ta zauna kusa da ita. Na yi jawabi. Allah ya yafe mini, har kalmar obakulok sai da na faɗa a gaban dattawa, sau biyu.

Na danna. Haruffan zinariya suka taso daga duhu suna juyawa, suna walƙiya, suna watsa taurari. Sunana ne, da Injiniya a gabansa. Na tsara ya yi minti ɗaya cur, kuma duk cikin fim ɗin ba abin da ya kai shi wahalar da kwamfuta. Fankokin cikinta suka fara kuka, suna ƙara murya kamar jirgi zai tashi.

Inna ta sunkuyo, ta kare ido da tafin hannu. "Hajara, shi ne? Ban ga mutum ba. Me ke juyi haka?"

"Rubutu ne, Yaya."

"Me aka rubuta?"

Gwaggo ta ɗaga murya yadda har bayan rumfa za a ji: "Sunan nan ne da ba kya faɗa! Ga shi an rubuta miki da zinariya, yana rawa!"

Mata suka kwashe da dariya, Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ni ma na yi 'yar dariyar yaƙe. Sai wani dattijo daga cikin maza ya ɗaga hanci ya ce wa mai dafa shayi, "Kai, wa ya ce ka sa na'ana'a tun a shayin fari?" Mai shayi ya rantse ko ganye ɗaya bai sa ba. Ƙanshin kuwa sai ƙaruwa yake, har mutane suka fara waige-waige. Ni kaɗai na san daga inda yake fitowa.

Sunana ya gama rawarsa. Hoto ya buɗe: tayar kamiyo, yashi, sai ƙafar mutum cikin takalmin fata ta shigo daga gefe. Inna ta miƙe zaune, ta kama hannun Gwaggo. Ƙafar ta ɗaga za ta taka, sai ta tsaya a sama. Allon ya farfashe ya zama dabbare-dabbaren kore. Sannan ɗif, komai ya mutu.

"Kuran ne," na ce da sauri, ina ɗora wa wutar lantarki laifi. "An ɗauke kuran."

Babbar fankar da aka kafa wa dattawa tana ta juyawa a gefena, lasifikar mata kuma tana ta waƙarta a cikin gida. Baba Ghissa ya taso a hankali ya ce, "Kuran yana nan, ɗan Mamman." Ya sa yatsa a ƙarfen na gaba, ya ɗan jima. Ya sa a na baya, ya fizge hannu. Wani farin abu ya tsattsafo ta gefen ƙarfen ya bushe ya yi ɓawo. Gwaggo Hajara, wadda ba a gayyace ta ba, ta leƙo, ta lakato da farce, ta shinshina.

"La ilaha illallahu! Man goge baki ne! Jama'a, Injiniya asuwaki ya yi wa injinsa!"

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah, don dariya ba ta kisa. Amma sai angon Zeinabu, yaron kirki, ya so ya cece ni. Ya ce, "Ba komai, Yaya. A ɗauko manyeto a sa kaset ɗin kawai, ai ya fi sauƙi." Kowa ya ce ƙwarai, haka za a yi. Duk idanu suka dawo kaina.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce kaset ɗin ya tsinke tun Talata. Na ce abin da ya rage yana cikin wannan da ta mutu yanzu, kuma ban kwafa ko'ina ba. Dariyar ta ɗauke kamar an yanka ta da wuƙa. Baba Ghissa ya ja amawalinsa sama har ƙarƙashin ido, ya kau da kai. Shekara nawa abin nan yana jakarsa, ya tsallake rana da yashi da ƙaura, ya zo hannuna ya yi kwana ɗaya. Inna ta laluba ta dafa kafaɗar Gwaggo ta miƙe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Na dai ga ƙafarsa. Ku kai ni ciki."

Da mutane suka fara watsewa na durƙusa gaban kwamfutar zan sake kunnawa. Baba Ghissa ya riƙe mini wuyan hannu. "Babanka, in allura ya hau, ba ya taɓa makulli. Ya buɗe bakin mota, ya zauna, ya dafa shayi. Bar shi sai safe." Na ce Baba, motar Inna da hantsi za ta tashi. Ya ce, "Sauri ne ya kawo ka nan. Kana so ya ƙarasa ka?" Na bar ta. Yadda na kwana ba sai na faɗa ba.

Bayan sallar asuba muka kai kwamfutar ɗakin Inna, ni da shi. Na ɓare guntayen sikoc ɗin nan biyu. Na cire furosesan baya gaba ɗaya na ajiye a faranti, don irin wannan faifan yana iya tafiya da ɗaya. Na kankaro ɗan man kirkin da ya rage a jikin ƙarfen na sake shafa wa na gaba, na yi bisimilla irin wadda ban taɓa yi wa na'ura ba, na danna. Ta yi shiru, ta yi tari, ta tsaya tana binciken diskinta, wani farin layi yana rarrafe a allo. Ban san tsawon lokacin ba. Inna tana zaune bakin gado da carbi, akwatinta a ɗaure kusa da ƙofa.

Kwamfutar ta tashi. Aikin kwalliyata na kwana biyu ya lalace, ko buɗuwa ya ƙi, launi da kiɗa da zinariya duk sun tafi. Can gefe kuwa ga ɗanyen fim ɗin da na juye ranar Talata, wanda na raina, ko ƙwarzane bai yi ba. Wannan karon sai da na juye bikin wasu daga kile na kwafa shi, na zare kilen na sa a aljihu, sannan na kunna.

Dusasshe ne kamar yadda na bar shi, layuka suna gilmawa, iska tana buga makirfo. Kamiyo biyu a tsaye gefen hanya, ɗaya can gaba, ɗaya kusa da mai ɗauka, bakinsa a buɗe yana hayaƙi. Daga na gaban wani mutum ya taho ɗauke da bido na ruwa, kafaɗa ɗaya ta yi ƙasa, yana takawa ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ke jiransa a duniya. Fuskarsa ba ta ma fito ba tukuna, Inna ta ajiye carbi.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga kafaɗar. Wannan tafiya ko a duhu na san ta." Ta matso har goshinta ya kusa taɓa allon. "Bai taɓa sauri ba. Ranar ɗaurin aurenmu ma sai da aka jira shi."

Ta yi dariya, hawaye yana zuba daga idon mai gani da marar gani. Mutumin ya iso, ya sauya hannu, ya ajiye bidon, ya ce wa mai kamara wani abu da iska ta cinye, ya yi dariya. Dariyar ta fito sarai. Inna ta ce, "Kai, mayar da shi." Na mayar. Sau shida na mayar, kuma ko sau ɗaya ba ta ce hoton ya dushe ba. Ashe layukan da na kwana biyu ina yaƙi da su, idonta bai ma kai gare su ba.

Baba Ghissa ya nuna motar da ke hayaƙi. "Wannan nawa ne. Tsoho ne, kullum ni ne a baya. Motar babanka lafiya lau, da ya so da ya kai Tawa tun rana. Amma ya san na gaba ne ke shan iska mai kyau, na baya abin da na gaba ya bari yake sha. Shi ya sa idonsa ɗaya a allura, ɗaya a madubi. Direbobi suna masa dariya, suna ce masa Mamman Sannu. Ba a taɓa jan motarsa ba, ba a taɓa jan nawa ba." Ya dubi furosesan da ke cikin faranti da busasshen farin ɓawonsa, sannan ya dube ni.

Na roƙe shi gafarar kaset ɗin. Ya ce dama ajiya ce, ta isa inda za ta. Na ɗauko masa rawanin nan, na ba shi kilen ya naɗe a ciki, na sa wa Inna fim ɗin a wayarta, muka kai ta tasha a kan lokaci.

Ranar Talata man kirki ya iso daga Agadez. Na wanke furosesan baya na mayar da shi, ashe bai mutu ba, kwamfutar ce ta ɗauke wuta da kanta kafin ya ƙone. Wato duk cikin rumfar nan ita ta fi ni hankali. Har yau tana aiki, a kan gudun da aka rubuta mata, kuma kullum na kunna ta sai na ja shafin nan ƙasa na duba lambar na baya kafin ta na gaba. Sunan Injiniya yana nan, sai dai an yi masa ƙari: daga tasha har kasuwa, Injiniya Asuwaki ake nema, har 'yan kabu-kabu da shi suke kwatancen shagona. Na daina jin haushi. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni dai na sa nawa a wuya a gaban jama'a, kuma na koyi cewa man goge baki, baki aka yi wa.

Idon hagun Inna ya rufe kafin bazara ta zagayo. In na je Damagaram nakan tarar da wayar a ƙarƙashin matashinta, ta sa jikoki su kunna mata. Ba ta ganin komai yanzu, amma tana bin sautin iskar, can sai ta ce, "Yanzu ya sauya hannu," kuma daidai nan yake sauyawa. Sai ta yi shiru tana jiran dariyar. Har yau ba ta taɓa tambayata ina sunan nan mai rawa ya shiga ba.